Kada Baki Ya Yi Yawa

Ranar Lahadi

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da gwiwarsa mai sanin ranar da za a yi ruwa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayana da buhunan sito suka mayar na tsoho. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa: wayata ta gamu da bango. Wani dillalin gidaje ne ya ce min "irinku" a cikinta, shi kuma ba ya kusa, bangon ne a kusa.

Na san zumuncinmu sai an zauna an ja zare. Ke 'yar ƙanen kakana ce, amma ke kika goye ni shekarar da Inna ke kwance, don haka ba ki da hanyar gudu.

Ga abin da ya kawo ni. A ƙasan benen da nake haya akwai tsohon shagon wanki. Bututun injinan na nan a bango, da jerin ƙugiyoyin rataye kaya, da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da kujerun da babu biyu masu kama da juna. Nan ƙungiyarmu ta masu haya ke haɗuwa. Aikin da muka fi yi shi ne gwajin ƙofa. Baba Tela, wanda baƙi ne kamar ni, zai je inda aka liƙa takardar ɗakin haya, a ce masa an kama. Ya dawo. Sai Mai Burodi, farin mutum ne, Bature, amma talaka irinmu, ya je ƙofar nan da kalmomin nan, a miƙa masa mabuɗi har da murmushi. Daga nan mu taru mu je ofishin dillalin mu tsaya, ni kuma in yi magana. An fara jin tsoronmu, Gwaggo. Wasu ƙofofin sun buɗu.

To mai ginin ya ce ko mu sa hannu a hayar shekara kafin wata mai zuwa ya ƙare, ko ya ba mai sayar da wayoyi shagon. Karo-karonmu ko shayin taro da ƙyar yake saya. In ɗakin nan ya tafi, ƙungiya ta watse, don babu mai falon da zai ɗauke mu, kuma masu gidajen ba sa son taro.

Maman 'Yan Biyu, mai shara a asibiti, ita ta zo da labarin wata gidauniya da ke tallafa wa ƙungiyoyin unguwa irin tamu. Na ce a'a. Na ce kuɗin attajiri ne da ya kwashe daga irinmu, ya mutu, yanzu ake yayyafa mana shi ana jiran godiya. Na yi bayani mai kyau, na kawo tarihi. Suka bari na gama, suka ɗaga hannu, suka kayar da ni. Sannan suka miƙo min takardun in cika, wai ni ne mai karatu. Ni da na koyi karatun a jaridun da ake naɗe kaya da su a sito. Mu muna neman ɗaki, su suna tambayar hangen nesanmu. Na rubuta musu cewa hangen nesana ƙarshen wata mai zuwa ne, Baba Tela ya sa na goge.

Sai da na zo rubuta adireshi a bayan ambulan na ga ashe wurin aikinki ne. Ba roƙon alfarma nake ba, kin san ni. Ki dai gaya min, waɗanne irin mutane ne?

Ɗanki,
wanda har yau kike kira Rediyo

*

Ranar Alhamis

Ɗana Rediyo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwar maigida ta ce za a yi ruwa jibi. Ni ce dai wuyan hannuna na dama ya matsa min, likita ya ce sai an ɗan tsaga. Ka gaishe min da bangon, Allah ya ba shi haƙuri.

Na karanta wasiƙarka, sai da na huta a tsakiya na sha ruwa. Ashe har a takarda ba a rage maka murya. Kana goye a bayana ma haka kake, kana barci kana ba da labari.

Alfarma kam ko ka roƙa babu. Ni mai karɓar baƙi ce, teburina na bakin ƙofa. Ba na karanta takardun kowa, ba a tambayata ra'ayi. Amma duk wanda zai fita sai ya tsaya jiran lif, injin hawa da sauka a bene, a gabana, kuma mutum in yana jiran lif bakinsa ba ya rufuwa. Abin da na sani, in takarda ta ja hankalinsu ba sa aika kuɗi haka nan, da ƙafarsu suke zuwa su ga wuri. In na ji an sa ranar zuwa wajenku zan sanar da kai.

Maganar attajiri kuwa, ban riske shi ba. Hotonsa na rataye a bayana, kullum yana kallon ƙeyata, ban taɓa jin ya ce uffan ba. Mutanen da ke aikin nan akwai na kirki, akwai masu son jin muryarsu, kamar ko'ina. In ka yarda kuɗin naku ne tun asali, to ka karɓa a tsaye, ba wanda ya ce ka durƙusa. Amma ka karɓa. Tarihi ba ya biyan haya.

Ka rage ɗaukar buhu biyu a tare don a ce ka iya.

Gwaggonka

*

Talata

Dana Rediyo, gaisuwa. An yi aikin hannun lafiya, yana daure. Da yatsa daya na hagu nake buga wannan a na'urar ofis, ka yi hakuri da gajarta. Mutanenmu za su zo dakinku Asabar ta sama, da hantsi, su biyu. Shawara daya zan ba ka, daga abin da nake ji a nan: kada baki ya yi yawa a dakin. Ba sa son haka ko kadan. Na san ka gane.

Gwaggo

*

Ranar Juma'a

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara sauƙin hannu. Ina gaida maigida. Na gama gaisuwa.

Na gane. Wallahi na gane.

Na'urarku ba ta da ƙugiya a haruffa, wannan ba sai an gaya min ba. Kin rubuta dana, na san ɗana kike nufi. Kin rubuta daki, na san ɗaki ne. Kin rubuta hakuri, na san haƙuri ne, kuma ga shi ina yi. To da na iso kan baki, sai na mayar masa da ƙugiyarsa kamar sauran. Kada baƙi ya yi yawa a ɗakin.

Na karanta a tsaye, na karanta a zaune, na fita na zaga layi na dawo, yana nan yadda yake. Wato gidauniyar da ta cika takardunta da adalci tsakanin jinsuna, in za ta zo duba mu tana so a surka. A sa Mai Burodi a gaba, a nemo masa 'yan uwa biyu uku, mu kuma mu ja baya kusa da bututu don hoto ya yi haske. Dillali aƙalla a fuska yake gaya min. Waɗannan sai da shayi da murmushi.

Ba su suka fi ba ni ciwo ba. Ke ce, da kike baƙa kamar ni, kika zauna da yatsa ɗaya kika buga min wannan, har kina cewa shawara. Hoton nan da ke bayanki ya daɗe yana kallonki, Gwaggo.

Ban nuna wa kowa takardar ba, don ba na so a zage ki a gabana in rasa abin cewa. Na dai ce wa mutanenmu ranar Asabar kowa ya zo. Na bi sito, na bi tasha, na bi ƙofar bayan asibiti inda masu shara ke fita. Baƙi zai yi yawa a ɗakin nan har sai an kunna fitila da rana. Ni kuma na rantse, kuma kin san ba na wasa da rantsuwa, ba zan ce musu ko sannu ba. Jawabin da na shirya, mai kyau ne ƙwarai, na yaga shi. Su zo su kalle mu, mu kalle su. In ɗakin zai tafi, ya tafi muna cikinsa.

Kada ki wahalar da hannunki. Duk abin da ya zo daga wajenki ba zan buɗe ba sai sun zo sun tafi.

Rediyo

*

Ranar Litinin

Ɗana,

Muna lafiya. Maigida ke rubuta min wannan ina faɗa, kuma na ce masa duk ƙugiyar da ya manta zan rataye shi da ita. Yana dariya har alƙalami na rawa. Ni ban fara dariyar ba tukuna.

Baki, Rediyo. Baki, wanda ke ƙasan hancinka. Wanda kake cin abinci da shi. Shi na ce kada ya yi yawa.

Abin da nake ji a bakin lif shi ne sun gaji da ƙungiyar mutum ɗaya. Za su je wuri su tarar da saurayi mai zaƙin harshe, ya yi magana tun shigarsu har fitarsu, sauran na gyaɗa kai. A ba da tallafi, saurayin ya sami aiki a wani gari, ƙungiya ta mutu. So suke su ji masu hayar da kansu. Ni kuma na san wanda na goya. Shi ke nan shawarar.

Ɗayar maganar kuwa, da ka ce hoto ya daɗe yana kallona. Na fara aiki a garin nan a wuraren da ake nuna min ƙofar baya, tun ba a haife ka ba. Ban koyi abin da kake tunani a can ba, ba kuma zan koya a nan ba. Wannan za mu yi ta in na gan ka, da hannun hagu ma zan iya.

Don Allah ka buɗe wannan kafin Asabar. Kada ka kori mutane, kada ka ɓata wa 'yan uwanka ɗaki a kan harafi ɗaya.

Gwaggonka

*

Ranar Lahadi

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan hannu ya yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis, ban buɗe ba kamar yadda na ce. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburinmu, kuma gaskiya tebur bai taɓa tsayuwa daidai irin na jiya ba.

Sun zo. Ɗaki ya cika tun kafin hantsi. 'Yan sito, direbobi, masu shara da kayan aikinsu a jaka, mata da goyo, har bakin titi. Ni na kifa bokiti a lungu na zauna, na harɗe hannu.

Saurayi fari ne ya fara shigowa da jaka. A bayansa wata mata mai tabarau, wadda in ta tsaya kusa da ni, ni ne fari. Na ɗauka rakiya ta yi. Sai na ga shi ya ja mata kujera, shi ke rubutu, ita ke tambaya. Na ce a raina, dabara ce, sun turo ta don su rufe mana ido.

Ta gaisa, ta ce wa zai fara. Ɗakin nan gaba ɗaya ya juyo ya kalle ni. Ni kuma na kalli bututu. Baba Tela ya taka min ƙafa, ya ce a hankali, "Rediyo, batir ne ya ƙare?" Ban kula shi ba. Ya ce, "Shekara uku muna roƙon Allah ya nuna mana wannan rana, sai yau da muke buƙatarka."

Sai Maman 'Yan Biyu ta miƙe. Ta ce ita ba ta iya jawabi ba. Ta ce lokacin da ta zo unguwar nan 'yan biyunta na jarirai, ta bi ƙofa ƙofa ana ce mata an kama, har ta koma kwana da su a ɗakin ajiye zannuwan asibiti, tana toshe musu baki da nono in likita zai wuce. Ta ce ran nan ta roƙi Mai Burodi ya je ƙofar da aka kore ta ya tambaya, don kawai ta san ko ita ce ta haukace. Daga nan gwajin ƙofa ya samo asali. Gwaggo, na faɗi labarin gwajin nan a gaban dillalai ban san iyaka ba, kuma ban taɓa jin wannan ba.

Mai Burodi ya karɓa. Ya ce duk ranar da aka miƙa masa mabuɗi ji yake kamar an ba shi kayan sata. Wani direba ya ce, "To ka riƙa kawo mana, mu ba ma jin komai." Aka yi dariya har Mai Tabarau ta cire tabarau.

Daga nan Baba Tela ya gyara zama. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni tela ne, ina son sanin inda yadi ya fito kafin in sa almakashi. Kuɗin nan na wa ne, kuma in mun karɓa wace ƙofa ce za a ce kada mu tsaya a gabanta?" Tambayata ce, Gwaggo. Tana cikin jawabin da na yaga, shafi guda ta ci. Shi ya yi ta a numfashi biyu. Na ciji wuyan rigata.

Ta ce babu ƙofar da za su hana mu, kuma za su rubuta haka mu riƙe. Ta ce, "Mai kuɗin kuwa, da yana raye ba zai ba ni hayar ɗaki ba, ba zai ba ku ba. Shi ya sa nake so ya biya ta wannan."

Kafin a tashi gardama ta ɓarke, wai dillalai za a ci gaba da bi ko a koma kan albashin sito. Suka manta da akwai baƙi a ɗakin, ina nufin masu ziyara, suka yi ta yi, har Maman 'Yan Biyu ta buga tebur aka ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, rantsuwata ba ta shafi hannu ba.

Da za su fita matar ta tsaya a kaina ta ce, "Kai ka rubuta mana takardar nan?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Da muka karanta mun ɗauka mutum ɗaya za mu tarar." Ban san me take nufi ba, ban kuma tambaya ba. Na dai nuna musu. Ko sun ba da ko sun hana, sun ga baƙi.

Rediyo

Ƙari. Baba Tela ya ɗaga tebur zai yi shara, ya tsinci wasiƙarki ya miƙo min. Na karanta. Ya ga fuskata ya ƙwace ya karanta, sannan ya fita waje ya karanta wa duk wanda bai tafi ba. Yanzu haka ina jin su ta taga. Ina so a rubuta a ajiye cewa laifin na'ura ne. Ofishin da ke neman adalci a duniya ya kasa yi wa harafi uku adalci. Maganar hoton kuwa, Gwaggo, wannan ba na'ura ba ce, ni ne. Ki yafe min.

*

Ranar Alhamis

Ɗana Rediyo,

Lafiya lau, an kwance hannu, ga shi da kaina nake rubutu. Maigida ya karanta wasiƙarka ya yi dariya har gwiwar ta daina ciwo, ya ce ka ƙara yin wata.

Na yafe. Amma ka sani, na shekara ashirin da wani abu ina neman abin da zai rufe bakin nan. Na gwada alewa, na gwada tsawa, na gwada addu'a. Ashe ƙugiya ɗaya za a cire.

Kada ka tambaye ni abin da aka yanke, ban sani ba, in ma na sani ba nawa ba ne in faɗa. Mai tabarau ɗin dai ta tsaya jiran lif jiya, tana ba wani labarin tela da yadi. Ta kuma ce akwai wani saurayi a lungu, mai kunya, ko kallon mutane ba ya iya yi. Na sunkuya ina neman abin da bai faɗi ba a ƙarƙashin tebur har lif ya zo.

Ka gaishe min da Maman 'Yan Biyu. Ka zauna ka tambaye ta sauran labarin, na tabbata akwai.

Gwaggonka

*

Ranar Laraba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da maigida. Bayana ya yi sauƙi, buhu ɗaya nake ɗauka.

Ɗaki ya zama namu. Takardarsu ta zo, za su ɗauki haya, kuma maganar ƙofofi na ciki a rubuce kamar yadda ta yi alkawari. Maman 'Yan Biyu da Baba Tela suka sa hannu wajen mai ginin. Mai wayoyi ya nemi wani shagon. Ra'ayina a kan attajirai bai canja ba, ina so ki sani. Na dai lura kujera ba ta tambayar wa ya biya haya.

An yi zaɓen shugabanni. Baba Tela ya kawo shawarar a ba ni magatakarda, wai tunda ni ne mai karatu, ni zan riƙa rubuta duk abin da kowa ya faɗa a taro. Na buɗe baki zan nuna musu makircin da ke ciki, sai na ga hannuwa sun riga sun tashi, har da na jarirai da iyayensu suka ɗaga musu. Mutum ba ya rubutu yana magana, Gwaggo, na gwada. A gaban dillali ne kawai suke sake ni, shi ma sai Maman 'Yan Biyu ta gama.

Za ki ji wani abu mai nauyi a cikin ambulan. Ɗaya daga ƙugiyoyin bangonmu ce, ni na kwance ta. Ki ajiye kusa da na'urar nan don gaba.

In hannu ya ƙara ƙwari ki zo ki ga wurin, akwai kujera mai jingina da na ɓoye miki. Baƙi ya yi yawa a ɗakin. Baki kuwa ana ƙoƙari.

Ɗanki,
Rediyo